Jam'iyyar da ke adawa da Tarayyar Turai, ya dace ta shiga rukuni a majalisar Tarayyar?

Malam Auwalu:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so waɗanda suka san tsarin Majalisar Dokokin Tarayyar Turai su warware mana. Jam'iyya ta yi yaƙin neman zaɓe a ƙasarta tana cewa Brussels, hedkwatar Tarayyar, ta ƙwace ikon majalisar ƙasa, a bar kowace al'umma ta riƙe al'amuranta da kanta. An zaɓe ta a kan haka. Da isarta Strasbourg, mazaunin majalisar, sai ta haɗa kai da jam'iyyun wasu ƙasashe, su kafa rukuni ɗaya, da shugabanci ɗaya, da asusu ɗaya wanda Tarayyar ce ke zuba masa kuɗi. Bayan zaɓen Yunin 2024 rukuni uku irin wannan aka kafa a majalisa mai kujeru 720: Patriots ('yan kishin ƙasa) da kujeru 84, ECR (masu ra'ayin mazan jiya da neman garambawul) da 78, ESN (masu rajin 'yancin kan ƙasashe) da 25. Ni dai tufka da warwara nake gani. Wanda ya ce ba ya son siyasar tsallake iyaka, me ya kai shi kafa jam'iyyar tsallake iyaka?

Dakta Rabi:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a je ga aƙida, a fara duba abin da ɗan majalisa yake rasawa idan ba shi da rukuni, don a nan amsar take.

Albashinsa yana nan. Kuɗin ɗaukar mataimaka, kusan Yuro dubu 30 a wata, yana nan. Zai zauna a kwamiti, zai jefa ƙuri'a, zai aika wa Hukumar Tarayyar, wato ɓangaren zartarwa, tambaya a rubuce. Daga nan kuma hannunsa ya gajarta.

Ajandar zaman majalisa taron shugabanni ne ke tsara ta, wato shugaban majalisa da shugabannin rukunoni. Marasa rukuni mutum ɗaya ake gayyato musu, kuma ba shi da ƙuri'a. Ƙudiri idan ya zo kwamiti, rukunoni ne ke rabon wanda zai jagorance shi, da tsarin maki: kowane rukuni yana da maki daidai girmansa, yana saye ƙudirin da yake so da su. Sauran rukunoni kowa ya naɗa wakilinsa da zai bi ƙudirin sawu da ƙafa. Waɗannan mutanen su ne ke zama su tsara gyare-gyaren sulhu, su ne kuma ke shiga ɗakin tattaunawa da Hukumar da wakilan gwamnatoci inda ake yanke ainihin kalmomin doka. Mara rukuni ba ya naɗa irin wannan wakilin. Sai an gama dafawa ake kawo masa ya ce eh ko a'a.

A babban zaure kuma, gabatar da gyaran fuska ko neman a yi ƙuri'a da sunaye yana buƙatar rukuni, ko kashi ɗaya cikin ashirin na 'yan majalisa, wato mutum 36. Rukuni mai mutum 23 zai yi da sa hannu ɗaya. Jam'iyya mai kujeru 15 da ke zaune ita kaɗai sai ta bi ofis ofis tana roƙon sa hannun mutum 21.

Sagir:
Dakta, ina neman ƙarin haske a kan sharaɗin kafa rukunin. Mutum nawa, ƙasa nawa?

Dakta Rabi:
Mutum 23, daga aƙalla rubu'in ƙasashen Tarayyar, wato 7 cikin 27. Sai su miƙa wa shugaban majalisa takarda mai ɗauke da sunan rukunin, da sunayen mambobi, da shugabanni, da bayanin manufar siyasar da ta haɗa su. Mutum ɗaya ba ya zama a rukuni biyu.

Barista Nuhu:
Wannan sharaɗi na ƙarshe da Dakta ta ambata, na manufar siyasa, shi ne ya toshe hanyar da za ta fi dacewa da ra'ayin Malam Auwalu. Mutum zai ce, to su haɗu kawai don cika ƙa'ida, kowa ya riƙe aƙidarsa. An gwada. A 1999 mutanen Emma Bonino na Italiya, da Front National ta Faransa, da Lega Nord ta Italiya, suka kafa rukunin da suka fito fili suka ce na sauƙaƙa aiki ne kawai, babu alaƙar siyasa tsakaninsu. Majalisa ta ƙi amincewa, suka tafi kotun Tarayyar a Luxembourg, a Oktoban 2001 kotu ta ba majalisa gaskiya, rukunin ya rushe. Tun daga nan kowa ya gane cewa ko babu haɗin kai a zuci, dole a rubuta shi a takarda.

Amma akwai gefe na biyu. Dokar zaɓen majalisar ta 1976 ta ce ɗan majalisa da kansa yake jefa ƙuri'a, babu umarnin da ke ɗaure shi. Rukuni zai iya hana ka lokacin magana, ko ya kore ka, amma ba zai iya tilasta maka ƙuri'a ba. Shi ya sa ba na ganin shiga rukuni miƙa ikon ƙasa ne. Babu ikon da aka miƙa.

Malam Auwalu:
Barista, ka kawo doka, ni kuma ina maganar amanar mai zaɓe. Akwai jam'iyyun da suka nuna ana iya tsayawa a kan aƙida. Sinn Féin tana cin kujeru a majalisar Birtaniya, ta ci 7 a 2024, kuma ba ta zama a kansu saboda ba ta yarda da halaccin majalisar a kan Ireland ta Arewa ba. Jam'iyyar kwaminis ta Girka, KKE, ta fice daga rukunin 'yan hagu a 2014, tun lokacin tana zaune ba rukuni. Ba su mutu ba.

Hajiya Zainabu:
Allah ya gafarta Malam, misalin Sinn Féin yana iya juyowa kanka. Ita ɗin dai a Strasbourg tana zama a kujerunta, kuma a cikin rukunin 'yan hagu take, duk da ta yi yaƙi da yarjejeniyoyin Tarayyar da dama a ƙuri'un raba gardama na Ireland. Ƙin zama a Westminster, wato majalisar Birtaniya, ya samo asali ne daga rantsuwar mubaya'a ga sarautar Ingila. A Strasbourg babu irin wannan rantsuwar.

KKE kuwa kujeru biyu gare ta, kuma ba ta zo gyara doka ba, ta zo ta faɗi matsayinta a rubuta. Ga mai wannan buri zaman kaɗaici ya isa.

Ni inda nake ganin ya kamata a raba maganar shi ne, masu adawa da Tarayyar iri biyu ne. Akwai mai son ficewa gaba ɗaya, kamar UKIP ta Birtaniya a zamaninta. Akwai mai son a zauna amma a rage wa Brussels iko, kamar PiS ta Polan ko Fratelli d'Italia ta Giorgia Meloni. Na biyun ba shi da wata hujja ta zama ba rukuni, domin abin da ya yi wa jama'a alkawari sai a ɗakin tattaunawa ake samunsa. Abin mamaki ma, na farkon shi ya fi kowa cin moriyar rukuni. Nigel Farage, jagoran UKIP, bai damu da aikin kwamiti ba, amma matsayinsa na shugaban rukuni ya ba shi kujerar gaba da damar magana a zagayen farko na kowace babbar muhawara. A Fabrairun 2010 daga wannan kujerar ya ci mutuncin Herman Van Rompuy, shugaban taron ƙolin shugabannin ƙasashen Tarayyar na lokacin, aka ci shi tarar alawus na kwana goma, bidiyon kuma ya zagaya Birtaniya. Da yana cikin marasa rukuni, minti ɗaya zai samu can ƙarshen muhawara, zaure ya watse.

Malam Idi:
Duk kun yi maganar riba. Bari in kawo farashin, domin shi ne ke kashe jam'iyyu, kuma yawanci a ƙasa ta bakwai yake ɓuya.

Samun mutum 23 ba wuya ga babbar jam'iyya. Ƙasashe bakwai ne wuyar. Jam'iyya mai kujeru 20 ko 30 sai ta koma neman ɗan majalisa ɗaya tilo daga Latbiya ko Lituweniya, kuma wannan mutum ɗaya ya san rukunin a hannunsa yake.

A Oktoban 2014 rukunin EFDD na Farage yana da mutum 24 na UKIP da 17 na Five Star ta Italiya. Mace ɗaya 'yar Latbiya, Iveta Grigule, ta fice, ƙasashe suka koma shida, aka sanar rukunin ya rushe. Cikin 'yan kwanaki suka ɗauko Robert Iwaszkiewicz daga jam'iyyar Janusz Korwin-Mikke ta Polan, jam'iyyar da Marine Le Pen ta Front National ma ta ƙi haɗa rukuni da ita a waccan shekarar. Jaridun Birtaniya suka yi ta jibgar UKIP a kai.

Kafin nan, a Janairun 2007, an kafa rukunin 'yan kishin ƙasa mai suna ITS bayan shigowar Romaniya da Bulgeriya cikin Tarayyar. A Nuwamba Alessandra Mussolini, 'yar rukunin daga Italiya, ta yi kalaman ɓatanci ga 'yan Romaniya mazauna Italiya, 'yan majalisa biyar na jam'iyyar Greater Romania suka fice, rukunin ya mutu bai cika shekara ba. Wannan ciwon a jinin irin waɗannan rukunoni yake. Ɗan kishin ƙasa na Italiya da na Romaniya sun yarda a kan Brussels, amma baƙon da na farko yake kuka da shi, shi ne mai zaɓen na biyu. Haka Fidesz, jam'iyyar Viktor Orbán ta Hungari, ta ce ba za ta zauna rukuni ɗaya da AUR ta Romaniya ba saboda batun 'yan Hungari mazauna Romaniya.

Sagir:
Malam Idi, to idan mutum ɗaya ya fita shi ke nan, nan take rukuni ya faɗi? Babu wa'adi?

Barista Nuhu:
Akwai sassauci, ƙanena, amma da sharaɗi biyu. Shugaban majalisa, da yardar taron shugabanni, zai iya barin rukunin ya ci gaba har zuwa zaman sake naɗe-naɗe na gaba, idan mambobin da suka rage suna wakiltar aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na ƙasashe, kuma rukunin ya haura shekara ɗaya da kafuwa. EFDD watanni kaɗan ne da kafuwa a lokacin, shi ya sa ba ta samu wannan rangwamen ba. Lura kuma, cewa aka yi zai iya, ba dole ba. Waɗanda za su yanke hukuncin su ne abokan hamayyarka.

Dakta Rabi:
ESN ita ce misalin da ya fi fito da abin da Malam Idi ke faɗi, kuma ya kamata a tsaya a kanta.

A da, AfD ta Jamus tana cikin rukunin ID, wanda daga baya Patriots ta maye gurbinsa, tare da jam'iyyar Le Pen. A Mayun 2024, ana saura makonni biyu zaɓe, ɗan takararta na farko Maximilian Krah ya yi wa jaridar La Repubblica magana mai sassauta laifin dakarun SS na zamanin Nazi. Mutanen Le Pen suka ce ba za su ƙara zama da AfD ba, rukunin ya kore ta. Ta ci kujeru 15 a zaɓen, ta ajiye Krah a waje, amma duk da haka Patriots ba su buɗe mata ƙofa ba. Sai ta tattaro nata: 14 na AfD, 3 daga Revival ta Bulgeriya, 3 daga Konfederacja ta Polan, sai mutum ɗaya ɗaya daga Faransa, Slobakiya, Cek, Hungari da Lituweniya. Jimilla 25, ƙasashe 8. Idan biyu daga cikin ɗaiɗaikun nan suka tashi, ƙasashe za su koma shida.

Me ta samu? Kujera a taron shugabanni, ma'aikatan rukuni, lokacin magana, ikon gabatar da gyara. Shugabancin kwamiti kuwa ko lissafi bai kawo mata ba. Ana rabon ne bisa tsarin D'Hondt: a raba kujerun kowane rukuni da 1, da 2, da 3, a jera sakamakon daga babba zuwa ƙarami, kowa ya zaɓa idan layi ya zo kansa. EPP, rukunin masu matsakaicin ra'ayin dama, mai 188 ita ce ta farko, S&D ta 'yan gurguzu mai 136 ta biyu, EPP ta dawo ta uku da 94, Patriots ta huɗu da 84, ECR ta biyar da 78. Idan ka ci gaba da jerawa, 25 ɗin ESN sai a lamba ta 25 take faɗowa, alhali kwamitoci 20 ne da ƙananan kwamitoci 4 a Yulin 2024.

Me ta biya? Duk abin da abokin zama na Bulgeriya ko Slobakiya ya faɗa game da Rasha ko tsiraru, ɗan jarida a Berlin AfD zai tambaya.

Malam Auwalu:
To kun ga. Kuma Patriots da suka zo na huɗu a layin, ai ba a ba su komai ba. Ina amfanin baɗi ba rai?

Hajiya Zainabu:
Gaskiya ne, Malam, an mayar da su saniyar ware. D'Hondt al'ada ce ta fahimtar juna, ba doka ba, kuma kowane shugaban kwamiti sai an zaɓe shi da ƙuri'a. Kwamitin sufuri da na al'adu su ne suka faɗo wa Patriots, sauran rukunoni suka haɗa kai, sufuri ya tafi EPP, al'adu ya tafi Greens, rukunin masu rajin kare muhalli. Cikin mataimakan shugaban majalisa 14 ba su samu ko ɗaya ba.

Amma dubi ECR, wadda ta fi su ƙanƙanta. Ta samu mataimakan shugaba biyu, Antonella Sberna da Roberts Zīle. Ta samu kwamitin kasafin kuɗi, da na noma, da na ƙorafe-ƙorafen jama'a. Raffaele Fitto na jam'iyyar Meloni ya zama mataimakin shugabar Hukumar, kuma ƙuri'un rukuni a kwamiti na cikin abin da ya tsallakar da shi. Saboda haka tambayar ta tashi daga a shiga ko kar a shiga, ta koma wanne za a shiga. Vox ta Sifaniya ta bar ECR ta koma Patriots a Yulin 2024, ta sayar da kusanci da mulki ta sayi kusanci da Orbán da Le Pen. Jam'iyyar Finns ta Finland ta yi akasin haka a 2023, ta bar ID ta koma ECR saboda yaƙin Yukiren, domin ƙasar da ke da iyaka mai tsawo da Rasha ba ta jure zama da masu sassauci ga Mosko.

Kuma katangar da aka yi wa Patriots ba ta rufe ko'ina ba. Tsarin maki na rabon ƙudiri lissafi ne, ba ƙuri'a ba. Da shi suka ɗauki ƙudirin manufar rage hayaƙi ta 2040 a Yulin 2025, ya faɗa hannun Ondřej Knotek na jam'iyyar ANO ta Cek. A zaure kuma, tun Satumban 2024 EPP ta jefa ƙuri'a tare da ECR da Patriots a kan ƙudirin Benezuwela. Mutum 84 da ke tafe da murya ɗaya ana lissafi da su ko ba a gaisawa.

Malam Idi:
Hajiya, murya ɗayan nan ita ce ba ta tabbata ba. Ranar 18 ga Yulin 2024, da aka sake zaɓen Ursula von der Leyen shugabar Hukumar da ƙuri'a 401, Fratelli d'Italia ta ce ta ƙi ta, ODS ta Cek da ke rukuni ɗaya da ita ta goyi baya. A Nuwamba, wajen amincewa da Hukumar gaba ɗaya, Fratelli ta ce eh, PiS ta ce a'a. A Yulin 2025 ɗan ECR ne, Gheorghe Piperea na AUR, ya tara sa hannun ƙudirin tsige Hukumar. PiS ta bi shi, mutanen Meloni suka ƙaurace, ƙudirin ya faɗi 175 da 360. Rukuni ɗaya, shugabanni biyu, kowa da alƙiblarsa.

Ko jerin 'yan takara ɗaya ma tarwatsewa yake yi. Konfederacja ta ci kujeru 6, uku suka tafi ESN, biyu Patriots, ɗaya ba rukuni. Reconquête ta Faransa ta ci 5, huɗu, har da Marion Maréchal, suka tafi ECR, Sarah Knafo ta tafi ESN.

Barista Nuhu:
Akwai farashin da ba a ganin sa a cikin majalisar kanta. David Cameron ya yi alkawari a 2005, lokacin neman shugabancin jam'iyyar Conservative ta Birtaniya, zai fitar da jam'iyyar daga ƙawancen EPP. Ya cika a 2009, aka kafa ECR da PiS da ODS. Masu ɗari-ɗari da Tarayyar a jam'iyyarsa sun ji daɗi. Sai dai shugabannin EPP suna haɗuwa kafin kowane taron ƙoli su daidaita matsayi, Angela Merkel na ciki, Cameron kuma ba ya nan. A 2014, da aka zo batun naɗa Jean-Claude Juncker shugaban Hukumar, aka kaɗa Cameron 26 da 2, shi da Orbán kaɗai. Ni a ganina wannan shi ne darasi mafi tsada a tarihin batun nan: jam'iyyar da ke mulki a gida, zaɓen rukuninta yana shafar gwamnatinta, ba 'yan majalisarta kawai ba.

Sagir:
Yaya Rabi, batun kuɗin fa? Ana cewa don kuɗi kawai ake kafa waɗannan rukunoni.

Dakta Rabi:
Kuɗi na ciki, amma a bambance aljihu uku, don mutane na cakuɗa su.

Na farko kuɗin mataimakan ɗan majalisa, wanda bai shafi rukuni ba. A kansa ne kotun Paris ta samu Marine Le Pen da laifi ranar 31 ga Maris 2025, cewa an biya ma'aikatan jam'iyya da shi, ta kuma ɗaukaka ƙara.

Na biyu kuɗin rukuni, layi na 400 a kasafin majalisa. Rukuni ana ba shi nasa ya sarrafa da kansa, masu binciken kuɗi na waje su duba a ƙarshen shekara. Marasa rukuni suna da kaso, amma ma'aikatar majalisa ce ke riƙe da shi, sai ka kawo rasit. Wannan kuɗin haramun ne a yi yaƙin neman zaɓe da shi ko a tura wa jam'iyyar gida. A nan ake yawan faɗawa rami: kwangila ba tare da gasar farashi ba, tallafi ga ƙungiyoyin da ke kusa da jam'iyya. Bayan rushewar ID, binciken majalisa ya nuna shakku a kan sama da Yuro miliyan 4, ofishin mai gabatar da ƙara na Tarayyar ya buɗe bincike a 2025. Ƙaramar jam'iyyar da ba ta riƙe asusun ba ita ma sunanta na cikin labarin.

Na uku kuɗin jam'iyyar Turai, wadda rajistarta daban take da hukumarta daban. Za ka iya zama a rukuni ba ka cikin jam'iyyar.

Malam Auwalu:
Na ji bayanin aljihun. Amma har yanzu ina riƙe da abu ɗaya: jam'iyyar da ta ce a fice, ta zauna shekara ashirin tana karɓar ma'aikata da ofis daga abin da take zagi, wata rana za ta saba da shi. Le Pen ta yi takarar 2017 da batun barin kuɗin Yuro, yau ba ta maganar. Wa ya canja wani?

Hajiya Zainabu:
Masu zaɓen Faransa ne suka canja ta, Malam, ba rukuni ba. Ta sha kaye a zagaye na biyu a 2017, tsoron taɓa ajiyar mutane a banki na cikin dalilai, sannan wahalar ficewar Birtaniya ta sa jam'iyyu da yawa suka janye maganar fita. UKIP ta zauna a rukuni tun 1999 ba ta sauka daga matsayinta ba har aka fita a Janairun 2020.

Wanda zai auna zaman kaɗaici ya dubi Five Star. A Janairun 2017 mambobinta suka jefa ƙuri'a ta intanet su bar Farage su koma ALDE, rukunin masu sassaucin ra'ayi na Guy Verhofstadt, ALDE ta ƙi karɓarsu, suka koma inda suka fito da sharuɗɗa masu tsauri. Daga 2019 zuwa 2024 suka zauna ba rukuni, sun fara da mutum 14, wasu suka zame zuwa Greens da wasu wurare saboda aiki ba ya yiwuwa. A Yulin 2024, da mutum 8, suka nemi shiga rukunin 'yan hagu, aka karɓe su bisa gwajin wata shida. Fidesz ma, bayan barin EPP a Maris 2021, shekara uku ta yi a bencin baya, kuma Orbán da kansa ya tafi Vienna ranar 30 ga Yunin 2024 tare da Andrej Babiš na Cek da Herbert Kickl na Ostiriya ya sanar da sabon ƙawancen da ya zama Patriots.

Malam Idi:
In dai za a shiga, abubuwan da za a rubuta kafin sa hannu su ne: 'yancin ƙuri'a ga kowace tawagar ƙasa a dokokin rukunin, yadda za a raba lokacin magana da ma'aikata, wa ke sa hannu a asusu, da kuma ƙuri'a nawa ake buƙata kafin a karɓi sabon mamba ko a kori tsoho. Wannan na ƙarshen AfD ta ɗanɗana shi a 2024, da shugabannin tawagogi suka yanke hukuncinta cikin 'yan kwanaki. Sannan kar a kafa rukuni da ƙasashe bakwai cif. A nemi tara ko goma, ta yadda fitar mutum ɗaya ba za ta tilasta ɗauko duk wanda aka samu a hanya ba.

Sagir:
Barista, tambaya ta ƙarshe. Idan ɗan majalisa ya bar rukuni, kujerarsa ta kwamiti tana bin sa ko tana zama wa rukunin?

Barista Nuhu:
Kujerar majalisa tasa ce har ƙarshen wa'adi. Ta kwamiti kuwa rabon rukuni ce, rukunin ne ya naɗa shi a kai, don haka zai iya rasa ta, a sake ba shi wata daga kason inda ya koma ko daga abin da ya rage wa marasa rukuni.